Ƙuri'ar Jin Ra'ayi a Zaurukan Hira na Intanet: Amfaninta da Iyakarta



Hausawa na cewa shawara ɗaukar ɗaki, watau aiki ne wanda mutum guda ba ya iya shi sai an taru an sa hannu. A da, in za a yi shawara, akan haɗu ne a zaure ko a ɗakin taro, kowa yana ganin kowa. A yau kuwa wani babban kaso na shawarar ɗalibai da ma'aikata ya koma cikin wayar hannu, a zaurukan hira irin na WhatsApp da Telegram. Can ne ƙungiyar ɗaliban aji take tsai da ranar taro, can ne ƙungiyar tsofaffin ɗalibai take yanka kuɗin gudummawa, can ne kuma ma'aikatan ofis suke daidaita wanda zai wakilce su wurin shugabanni.

Manhajar Telegram ta shigo da hanyar jefa ƙuri'a a ƙarshen shekarar 2018. WhatsApp ta biyo baya cikin watan Nuwamba na 2022, a daidai lokacin da ta faɗaɗa zaure ya iya ɗaukar mutum 1,024, ta kuma ba mai tambaya damar jera zaɓi har 12. Cikin minti guda mutum zai rubuta tambaya, ya jera amsoshi, ya aika, na'ura ta riƙa ƙidayawa da kanta. Wannan sauƙi shi ne ya sa ake manta wani abu muhimmi, wanda shi ne jigon wannan lacca: ƙuri'ar zaure tana nuna ra'ayin waɗanda suka amsa ne kaɗai, a kan tambayar da aka rubuta musu, cikin halin da suka amsa ta. Duk wanda ya ɗora mata nauyin da ya wuce wannan, to, zai yanke wa jama'a hukunci da sunansu alhali ba su yanke ba.

Waɗanda suka amsa da waɗanda suka yi shiru

Alal misali, a ɗauki zaure mai mutum 200, aka tambaye su ko a ƙara kuɗin wata-wata. Mutum 40 suka jefa ƙuri'a, 24 daga cikinsu suka ce a ƙara. Wayar za ta nuna rinjaye bayyananne, domin 24 cikin 40 kashi 60 ne cikin ɗari. Amma in aka auna 24 ɗin da dukan 'yan zauren, kashi 12 ne kacal cikin ɗari. Sauran mutum 160 kuwa, wani ba shi da data a ranar, wani yana wurin aiki, wani ya toshe ƙarar zauren tun da daɗewa, wani kuma bai yarda ba amma ba ya son a san haka. Shiru ma magana ce, sai dai na'urar ƙidaya ba ta jin irin wannan magana.

Wannan matsala ta girmi intanet. A shekarar 1936, wata shahararriyar mujalla ta Amurka mai suna Literary Digest ta aika da takardun jin ra'ayi wajen miliyan 10, don ta san wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Franklin Roosevelt da Alf Landon. Fiye da mutum miliyan 2 suka mayar da amsa, mujallar ta buga cewa Landon ne zai ci da kashi 57 cikin ɗari. Da aka yi zaɓe, sai Roosevelt ya lashe jihohi 46 daga cikin 48. Dalili biyu suka jawo wannan kuskure. Na farko, mujallar ta samo yawancin sunayen ne daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu motoci, watau masu abin hannu, a lokacin da ƙasar take fama da matsin tattalin arziki. Na biyu, waɗanda suka ɗauki ɗawainiyar mayar da amsa sun fi yawa cikin masu jin haushin gwamnati. George Gallup kuwa, wanda ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai in an kwatanta, amma ya kula da yadda ya zaɓo su, shi ya faɗi wanda zai ci daidai. Mujallar ba ta kai ƙarshen 1938 ba ta daina fita. In har amsa miliyan 2 ta kasa tsare mujallar daga kuskure, lalle ne mai amsa 40 a zaure ya yi hattara.

Ƙuri'a a gaban idon jama'a

Abu na biyu shi ne halin da mutum yake ciki sa'ad da yake jefa ƙuri'ar. A WhatsApp, kowane ɗan zaure yana iya buɗewa ya ga sunan wanda ya zaɓi kaza, kuma yana ganin inda rinjaye ya karkata tun kafin shi ya jefa tasa. A Telegram ana iya yin ƙuri'ar da ba ta nuna suna, kuma tun watan Janairu na 2020 mai tambaya yana da zaɓi, ko ya ɓoye sunaye ko ya bayyana su. Wannan bambanci babba ne. Ƙaramin ma'aikaci wanda ya ga darakta ya riga ya jefa tasa a wani ɓangare, da wuya ya yarda sunansa ya fito a ɗaya ɓangaren. Haka ɗalibi a zauren da malaminsa yake ciki, haka ƙane a zauren dangi inda yayyensa da kawunnansa suke.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 1951, Solomon Asch ya riƙa nuna wa ɗalibai a Amurka wasu layuka da aka zana, yana tambayarsu wanne ya yi daidai da wani a tsawo, tambayar da amsarta a fili take. Sai dai ya shirya da sauran mutanen ɗakin su riƙa ba da amsar da ba daidai ba, a bayyane, kafin a zo kan ɗalibin da ake gwadawa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin waɗanda aka gwada sun bi kuskuren jama'a, alhali idanunsu suna ganin gaskiya. Tsoron irin wannan matsi, da na masu gida da masu kuɗi, shi ya sa wasu yankunan Ostareliya suka fara zaɓe a asirce a 1856, Ingila ta bi sahu a 1872. Nijeriya ma ta ɗanɗana ɗaya hanyar a farkon shekarun 1990, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, inda masu zaɓe suka riƙa yin layi a bayan hoton ɗan takara ana ƙirga su. Masu goyon bayan tsarin sun ce yana rage maguɗi, masu suka kuma suka ce yana hana talaka zaɓen abin da ke ransa. Duk hujjojin nan biyu suna nan a zauren hira. Ƙuri'a mai nuna suna ta dace da tambayar wa zai halarci taro, ko wa zai ɗauki wani aiki, domin a nan sunan shi ake bukata. In kuwa magana ce ta kuɗi, ko ta zaɓen shugaba, ko ta ƙorafi a kan wani babba, to, ɓoye sunaye shi ya fi kusa da adalci.

Yadda aka tsara tambaya

Abu na uku yana hannun mai rubuta tambayar. In ya rubuta, "Kun yarda a ƙara kuɗi domin ƙungiyarmu ta ci gaba?" ya riga ya mai da mai cewa a'a maƙiyin ci gaba. In ya haɗa abu biyu cikin tambaya guda, kamar ƙarin kuɗi da sauya ma'aji, wanda ya yarda da ɗaya bai yarda da ɗayan ba ya rasa inda zai sa hannu. Jerin zaɓin ma yana iya juya sakamako. A ce mutum 30 sun jefa ƙuri'a a kan ranar taro: 9 suka zaɓi safiyar Asabar, 9 suka zaɓi yammacin Asabar, 12 suka zaɓi Lahadi. Lahadi ce za ta fito a sama, alhali mutum 18 Asabar suke so, an dai raba musu ita gida biyu. Maganin wannan shi ne a bar kowa ya zaɓi duk ranakun da zai iya, wanda manhajojin nan biyu sun ba da damarsa, ko kuma a sake zagaye na biyu tsakanin zaɓi biyun da suka fi samun ƙuri'a.

Wa ke da ikon yanke hukunci

Abu na huɗu shi ne a bayyana tun farko ko ƙuri'ar hukunci ce ko shawara ce. A 2016, hukumar binciken muhalli ta Birtaniya ta nemi jama'a su zaɓa wa wani sabon jirgin ruwanta na bincike suna ta intanet. Sunan barkwanci, Boaty McBoatface, shi ya zo na ɗaya da ƙuri'a fiye da 124,000. Gwamnati ta sa wa jirgin sunan Sir David Attenborough, ta ba wani ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa sunan da jama'a suka zaɓa. An yi gunaguni, amma hukumar tana da madogara, domin ta faɗa tun farko cewa ita ce za ta yanke hukuncin ƙarshe. Shugaban zaure wanda bai yi irin wannan bayani ba, sa'an nan ya ture sakamakon da bai yi masa daɗi ba, zai wayi gari ya tarar ba mai amsa masa ƙuri'a, sai ɓangarorin da suka fice suka buɗe nasu zauren.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da abin da ya wajaba a kan mai gudanar da ƙuri'a. Kafin ya aika, ya bari a tattauna batun, kuma wani wanda ba ra'ayinsu ɗaya ba ya duba masa lafazin tambayar. Ya sanar da ranar rufewa da sa'arta, ya ba da lokacin da zai ishi mai aiki da wanda ke ƙauye. Ya faɗi adadin mutanen da sai sun amsa kafin sakamako ya zama abin aiki da shi, kamar yadda tsarin mulkin kowace ƙungiya yake tanadar mafi ƙarancin mahalarta taro. Shi da sauran manya su jinkirta tasu ƙuri'ar zuwa ƙarshe. In ya zo bayyana sakamako, ya ambaci yawan 'yan zaure, da yawan waɗanda suka amsa, da abin da kowane zaɓi ya samu.

Ga ma'aikatan gwamnati akwai ƙarin gargaɗi. Ƙuri'ar zaure ba ta maye gurbin taron kwamiti da rubutaccen bayanin taro wanda aka sa wa hannu. Duk abin da ya shafi kuɗin jama'a, ko ƙarin girma, ko ladabtar da ma'aikaci, yana da hanyar da dokokin aiki suka shimfiɗa masa, kuma ita ce mai binciken kuɗi zai nema ranar da ya zo. Ga ɗalibai kuma, waɗanda gobe su ne za su riƙe ofisoshin nan, zauren aji wuri ne na koyon wannan ladabi tun abin da ake jayayya a kansa bai wuce ranar walima ba. Wanda ya saba tun yanzu da tambayar mutum nawa ne ba su amsa ba, kuma don me, zai yi wannan tambaya ranar da aka kawo masa rahoto aka ce jama'ar gari sun yarda.

Allah ya ba da ikon riƙe amana.