Gyaɗa Kai a Gaban Likita: Jawabin Sakatare a Taron Iyaye Mata

 

Yau mun zo muku da labarin wasu mata masu ƙaramin ƙarfi da suka baro Meksiko da sauran ƙasashen Latin Amurka suka zauna a Amurka. Harshensu Sifaniyanci, likita kuwa Turanci yake yi.

A shekarar 2003 wani likitan yara, Dakta Glenn Flores, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bincike a kan ganawa 13 da aka yi da tafinta a wani asibitin yara a birnin Boston. In an raba daidai, kowace ganawa ɗaya an tafka kuskuren fassara 31. Inda aka jawo duk wanda ke kusa ya yi tafinta, har da wani ɗan shekara 11 da ya rako ƙaninsa, kashi 77 cikin ɗari na kurakuran suna iya cutar da mara lafiya. A wajen tafintocin asibiti kashi 53 ne, shi ma ba kaɗan ba. Akwai uwar da 'yarta ke ciwon kunne, aka rubuta amoksisilin na sha, tafinta ya ce mata ta ɗiga a kunne.

Ga wata kuma. Kalmar "once" a jikin kwalbar magani, da Turanci sau ɗaya ke nan, amma da Sifaniyanci goma sha ɗaya take nufi.

Me ya hana su tambaya? Girmama likita da jin nauyi. Ya ce "kin gane?", ta gyaɗa kai, a rabu a haka. Shi ya sa yanzu ake koya wa ma'aikatan jinya a can su nemi uwa ta maimaita bayanin da bakinta, ko ta auna maganin a gabansu. A 2015 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a daina auna maganin yara da cokali, a koma mililita. Ƙaramin cokali mililita 5 ne, babba 15, kun ga ninki uku ke nan.

Iyayenmu, wace ce a cikinku ba ta taɓa gyaɗa kai haka ba, ko ta tura ɗan firamare ya fassara mata ciwon da ko kishiyarta ba za ta faɗa wa ba? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce ma'aikacin lafiya ya yi wa mara lafiya bayani, in da hali, da harshen da yake ji, daidai da iliminsa. Saboda haka ba roƙo kuke yi ba. Ku ce a maimaita, ku nemi babban mutum ya yi tafinta, kuma kada ku bar wajen karɓar magani sai kun faɗi yadda za a sha an ce haka ne.

Zama mai zuwa a ajin yaƙi da jahilci, kowace ta zo da kwalaben maganin da ke ɗakinta mu karanta su tare.