Taswirar guduna ta nuna min abin da ban nema ba

Yau zancen gudu za mu yi, gudun motsa jiki.

Tun ina jami'a nake da agogon nan mai GPS, kuma da na dawo Ruwan Godiya ban daina fita bayan sallar Asuba ba. Ko a 2021 da aka katse layukan waya a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, agogon bai tsaya ba, don shi daga tauraron ɗan'adam yake karɓar saƙo, ba ruwansa da sabis.

Kwanan baya na kwashe bayanan duka na zuba a kwamfuta. Kowane gudu fayil ɗaya ne na GPX, ciki kuma ba komai sai wuri da lokaci, duk bayan 'yan daƙiƙu. Na rubuta 'yan layukan Python, na sa folium ya zana su a taswira ɗaya. Ni dai so nake in ga ko na ƙara sauri.

To, layukan farko dogaye ne, har cikin gonaki. Daga Disamban 2020, lokacin da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara, sai suka fara tsukewa, har suka koma ɗan zagaye ɗaya a cikin gari. Wallahi ban tuna ranar da na ce na daina fita bayan gari ba.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Kowane layi daga ƙofar gidanmu yake tashi, kusan lokaci ɗaya kullum, nan kuma yake ƙarewa. Ni kuwa ina ta ɗora hoton a WhatsApp ina jin daɗi. A 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya duba taswirar da Strava ta fitar, ya hango sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan daga gudun sojojin kawai. Sojan Amurka ke nan fa, balle ni, a yankin da kowa ya san masu garkuwa da mutane suna da masu kai musu rahoto.

Na goge hotunan, na rufe shafina na manhajar. Na ƙara layi a shirin, yana yanke mita 500 na farko da na ƙarshe kafin ya zana komai. Lokacin fita kuma yanzu ko ƙanena ba ya sani sai na dawo.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.