Kafin a Kai Hannu ga Kwamfutar Ofis

Mai girma shugaban reshe, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai na Ruwan Godiya da kewaye.

Batun da muka zo da shi ƙarami ne a ido, amma ya taɓa hana wasunmu barci. A wata makaranta tamu, malamin jarrabawa ya wuni yana shigar da sunaye da makin ɗaliban da za su zauna NECO. Sabis ya yi rauni, sai ya bar kwamfutar tana tura bayanan a hankali, ya tafi sallar La'asar. Kafin ya dawo, wani abokin aiki ya ga fuskarta ta yi duhu, ya ɗauka an gama, ya zare filoginta ya sa cajin wayarsa. Aikin wuni guda ya salwanta ana gab da rufe rajista. Washegari dole aka kama hanyar Funtua, hanyar da dukkanmu muka san halinta, domin a sake aikin a shagon intanet da kuɗin aljihu.

Ba mu ce mugunta ce ba. Mai kashe na'ura domin tattalin batirin sola ko man janareta yana da hujjarsa. Sai dai mu da muka ga watannin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan tun daga Satumbar 2021, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, mun fi kowa sanin cewa sa'a ɗaya ta sabis ba abin wasa ba ce.

Ita kwamfutar tana da kariyar da za ta iya bayarwa. Danna Ctrl da S a kai a kai yana adana aiki. Maɓallin Windows haɗe da harafin L yana kulle fuskarta, aikin kuma yana ci gaba a ciki. A sashen saitin wuta ana iya hana maɓallin kunnawa kashe ta idan an taɓa shi sau ɗaya. Amma wanda ya danne shi na 'yan daƙiƙu zai kashe ta duk da haka, balle mai zare filogi. Ga wannan babu saitin da ke magani.

Saboda haka muke roƙon kowace makaranta ta amince da abin da ba ya cin ko sisi: duk wanda ya bar aiki yana tafiya, ya manna takarda a jikin na'urar, da sunansa da lokacin dawowarsa. Wanda ya ga takardar kuma wuta na neman ƙarewa, ya nemi mai ita tukuna, ko da kuwa shugaban makaranta ne. A ware wa wayoyi soket nasu daban. Reshe kuma ya rubuta wa hukumar ilimi neman batirin UPS ga kowane ofis, mu kawo sunayen makarantun da ba su da shi a zama mai zuwa.