Wasiƙar Bulus Zuwa Ga Filimon: Asalinta, Marubucinta da Abin da Take Nema

 Na zaɓi in yi magana a kan mafi gajarta cikin wasiƙun Manzo Bulus, wato wadda ya aika wa Filimon. Ayoyinta 25 ne kacal, kalmominta a Helenanci kuwa wajen 335. Gajartar nan ce ta sa tun ƙarni na 4 wasu suka raina ta, suna cewa me ya kawo maganar bawa guda cikin Littafi Mai Tsarki, har sai da Jerom da Yohanna Kirisostom suka tashi kare ta.

Batun marubuci ba zai ɗauke mu lokaci ba. Masana suna jayayya a kan wasu wasiƙu masu ɗauke da sunan Bulus, kamar na Timoti da ta Titus, amma akwai bakwai da kusan kowa ya yarda nasa ne: Romawa, Korantiyawa biyu, Galatiyawa, Filibiyawa, Tasalonikawa ta fari, da wannan. Markiyon, wanda ya yi watsi da littattafai da yawa a tsakiyar ƙarni na 2, bai jefar da ita ba. A ƙarni na 19 Bajamushen nan F. C. Baur ya yi shakkarta, amma ra'ayinsa bai samu mabiya ba. Bulus ya ambaci sunansa sau uku, ya sa sunan Timoti a gaisuwa, sannan a aya ta 19 ya nuna da hannunsa yake rubuta alkawarin biyan bashi.

Daga kurkuku aka rubuta ta, amma wanne? An daɗe ana cewa Roma ce, tsakanin shekara ta 60 da 62. Ni na fi karkata ga Afisa, wajen shekara ta 54 ko 55. Filimon mutumin Kolosi ne, wani gari a kwarin kogin Likus a ƙasar Turkiyya ta yau. Mun gane haka ne daga wasiƙar Kolosiyawa, inda sunayen Unisimas da Arkibus da Abafaras, waɗanda ke cikin wasiƙar Filimon, suka sake fitowa. Daga Kolosi zuwa Afisa tafiyar kamar mako guda ce a ƙafa, Roma kuwa sai an haye teku. Ga kuma Bulus yana roƙon a shirya masa masauki don yana sa ran zuwa ba da jimawa ba, alhali a wasiƙar Romawa ya nuna daga Roma Sifen ya nufa. Gaskiya ne Ayyukan Manzanni bai ambaci ɗauri a Afisa ba, amma a Korantiyawa ta biyu Bulus ya ce an sha ɗaure shi, tun kafin ɗaurin Kaisariya da na Roma.

Yanzu ga gundarin magana. Unisimas bawan Filimon ne. Abin da aka saba koya mana shi ne ya yi sata, ya gudu, ya ci karo da Bulus. Sai dai wasiƙar ba ta ce ya gudu ba, maganar bashi ma da sharaɗi aka kawo ta, wato in har akwai. Wane gudajjen bawa ne zai kai kansa inda ake tsare da fursuna? A 1985 Peter Lampe ya jawo hankali ga ra'ayin masanan shari'ar Romawa, cewa bawan da ya saɓa wa ubangidansa ya tafi wurin abokin ubangidan neman ceto ba a lissafa shi cikin gudaddu. Filini Ƙarami ma ya rubuta wa abokinsa Sabiniyanus irin wannan wasiƙa domin wani 'yantaccen bawa. Mu Hausawa mun san abin, kamun ƙafa ne: yaro ya yi laifi, ya je wurin babban da mai gida ba zai iya yi wa musu ba. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin gudajjen bawa a daular Roma yana iya shan bulala, ko lalas a goshi, ko ma gicciye.

Amma dubi yadda Bulus ya ɗauki kamun ƙafar nan ya kai shi inda Filini bai kai ba. Filini gafara kawai ya roƙa. Bulus ya kira bawan ɗansa, wanda ya haifa cikin bangaskiya yana ɗaure. Ya yi wasa da sunansa, wanda ke nufin mai amfani. Ya nemi a karɓe shi a matsayin ɗan'uwa, kamar yadda za a karɓi Bulus kansa, ya ɗauki bashin a wuyansa, ya kuma tuna wa Filimon cewa shi ma ana bin sa bashin ransa. Wasiƙar kuma ba ta sirri ba ce: an haɗa da Afiya da Arkibus da dukan ikilisiyar da ke taruwa a gidan. A gaban jama'a za a karanta ta, mai yiwuwa Unisimas yana tsaye. Da wace fuska Filimon zai ɗauko bulala bayan haka?

Dole mu faɗi gaskiya, Bulus bai yi kiran a soke bauta ba, bai ma furta kalmar 'yantawa ba. Iyakarsa ya ce ya tabbata Filimon zai yi fiye da abin da aka roƙa. Wannan shirun ne masu bayi a Amurka suka fake da shi, musamman bayan dokar kama gudaddun bayi ta 1850, suna cewa manzo ma ya mayar da bawa ga mai shi. Abin yana ci mini rai, domin sun riƙe mayarwar sun watsar da sharaɗinta. A fahimtata 'yanci Bulus yake nema wa Unisimas, yana so ya fito daga zuciyar Filimon ba bisa tilas ba.

Wajen shekara ta 110, Ignatiyus na Antakiya ya rubuta wa ikilisiyar Afisa yana yabon bishop ɗinsu mai suna Unisimas. John Knox a 1935 ya ce shi ne bawan nan, ko da yake sunan ya yawaita a lokacin. Ina roƙon malamanmu da masu wa'azi su daina kiran mutumin nan ɓarawo a kan mumbari, tun da wasiƙar ba ta kira shi haka ba.