Muhammad Rafi: Mawaƙin da Ya Ara wa Jarumai Murya



An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan mawaƙin da yawancinmu muka san muryarsa tun kafin mu san sunansa. Duk wanda ya taɓa shiga sinimar Plaza ko Eldorado ko Marhaba a Kano, ko ya zauna gaban talabijin ana haska fim ɗin Indiya, ya ji Muhammad Rafi. Amma in an tashi, hirar jarumi ake yi. Har laƙabi muka yi musu, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Mai waƙar kuwa ba a cika tambayar ko wane ne ba. Abin da zan nuna yau shi ne, iya ɓuya a bayan jarumi ita ce sana'ar Rafi, kuma a nan ya yi wa tsararsa zarra.

Bari mu fara da yadda aikin yake. Lokacin da Indiya ta yi fim ɗinta na farko mai magana, Alam Ara, a 1931, ɗan wasa ne ke rera waƙarsa a gaban kyamara. A 1935 kamfanin New Theatres na Kalkata ya sauya tsarin a fim ɗin Dhoop Chhaon na darakta Nitin Bose: a naɗi waƙa tukuna, sannan a kunna ta a wurin ɗaukar hoto, ɗan wasa yana motsa baki. Daga nan aiki ya rabu biyu, fuska ta wani, murya ta wani.

An haifi Rafi ranar 24 ga Disamba, 1924, a ƙauyen Kotla Sultan Singh kusa da Amritsar, a yankin Punjab. Ya taso a Lahore, ya fara waƙar fim a Gul Baloch na harshen Punjabi, wanda ya fito a 1944, kuma a shekarar ya koma Bombay, wadda ake kira Mumbai yanzu. Da aka raba ƙasar a 1947 aka fitar da Pakistan, shi ya ci gaba da zama a Indiya.

Fim ɗin da ya ɗaga shi shi ne Baiju Bawra na 1952. A cikinsa akwai waƙar ibada irin ta mabiya addinin Hindu, wadda Shakeel Badayuni ya rubuta, Naushad ya tsara kiɗanta, Rafi ya rera. Dukkansu ukun Musulmi ne, kuma shekara biyar ke nan da zubar da jinin da ya biyo bayan rabuwar ƙasar. Rafi mutum ne mai riƙo da addininsa, ba ya shan giya, ya kuma sauke farali. Ya ɗauki waƙar a matsayin aikin da labarin fim ya buƙata, har yau Indiyawa suna kafa hujja da ita in ana maganar zaman tare.

Amma in kuna son ku ga gwanintar a fili, ku nemi Pyaasa na 1957, wanda S. D. Burman ya yi wa kiɗa, Sahir Ludhianvi ya rubuta baitocinsa. Guru Dutt ya fito a matsayin Vijay, marubucin waƙoƙin da duniya ta wulaƙanta. Kusa da ƙarshen fim, mutanen da suka guje shi yana raye sun cika zaure suna taron tunawa da shi, a zatonsu ya mutu. Sai ga shi tsaye a bakin ƙofa. Rafi ya fara waƙar ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kansa, numfashi na fita tare da kalma. Baiti bayan baiti muryar tana hawa, har ta koma tsawa a kan jama'ar da ke zauren. A cikin wannan fim ɗin dai akwai Johnny Walker, ɗan barkwanci, mai yawo da kwalaben mai yana neman wanda zai yi wa tausar kai. Waƙar tallarsa cike take da tsalle da zolaya da karya murya. Ita ma Rafi ne. Wanda bai karanta sunaye a farkon fim ba zai rantse mutum biyu ne.

Haka ya yi wa kowa. Dilip Kumar ya samu murya mai nauyi da natsuwa. Shammi Kapoor, wanda ba ya iya tsayawa wuri ɗaya, ya samu murya mai fizga da lanƙwasa daidai da rawar jikinsa, kamar yadda aka gani a Junglee na 1961. Kai, har Kishore Kumar, wanda shi kansa babban mawaƙi ne, ya motsa baki a kan muryar Rafi a Ragini na 1958. Rafi tela ne da ke auna mai riga kafin ya sa almakashi. Ku tuna kuma da yadda ake naɗi a wancan zamani: makaɗa masu yawa a ɗaki ɗaya tare da mawaƙi, in mutum ɗaya ya yi kuskure sai a koma farko.

Amma sauƙin kan Rafi yana da farashi. A farkon shekarun 1960 mawaƙiya Lata Mangeshkar ta tsaya kai da fata cewa mawaƙa su riƙa samun kaso daga cinikin faifai. Rafi ya ce shi in an biya shi ladan aikinsa, magana ta ƙare. Saɓanin ya kai sun yi shekaru ba su yi waƙa tare ba kafin su shirya. A ganina gaskiya tana wajen Lata. Mutum zai iya yafe nasa haƙƙin, amma mawaƙan da ba su kai shi samu ba su ne ke ɗanɗana kuɗarta.

Da fim ɗin Aradhana ya fito a 1969, tauraron Kishore Kumar ya haska tare da na jarumi Rajesh Khanna, kasuwar Rafi ta ja baya. Bai daina ba. A kan waƙarsa ta Hum Kisise Kum Naheen na 1977 ya karɓi lambar yabo ta ƙasa da kuma ta Filmfare, wadda ita ce ta shida a gare shi. Gwamnatin Indiya ta riga ta ba shi lambar girmamawa ta Padma Shri tun 1967. Ya rasu ranar 31 ga Yuli, 1980, cikin watan azumi, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 55. Dubban mutane suka raka shi maƙabartar Musulmi ta Juhu ana tafka ruwan sama.

To mu ina ruwanmu? Ruwanmu da yawa. Karin waƙoƙin Indiya ya shiga kunnen Bahaushe har masu bandiri irin su Ushaƙu Indiya a Kano suka ɗora masa yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Finafinan Kannywood kuma sun ɗauki tsarin nan gaba ɗaya: mawaƙi a situdiyo, jarumi a gaban kyamara. Abin da ya rage mu ɗauka shi ne tarbiyyar aikin. Mawaƙi ya karanta labari kafin ya kama makirufo. Ya san wa zai hau waƙar, ya san halin da yake ciki a wannan fitowa, domin muryar mai neman aure daban take da ta wanda aka raba da matarsa. Furodusa kuma ya rubuta sunan mawaƙi inda za a gani, ya yi yarjejeniya da shi a takarda. Ga ɗalibanmu masu nazarin fim, ina ba ku aiki: ku saurari waƙoƙin nan biyu na Pyaasa a jere, ku rubuta abin da ya sauya a numfashi da sauri da kaurin murya.

Allah ya jiƙan Muhammad Rafi, ya gafarta masa.