Buhu Hamsin Na Ƙari: Jawabin Magatakarda A Taron Zagayowar Shekarar Ƙungiya

Ranka ya daɗe Shugaba, sarakunanmu na Zango, malamai, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi na Nima da Mamobi, barkanmu da ganin wannan rana.

Ni ba direba ba ne, ba kuma makanike ba. Aikina riƙe littafi. Amma in mota ta lalace a daji, wayata ce ke fara ƙara, shi ya sa na roƙi izini in yi magana kan lodi.

Damina da ta wuce, wata tirelar albasa da 'yan'uwanmu huɗu suka haɗa kaya a ciki ta taso daga Galmi za ta Adjen Kotoku, inda aka mayar da kasuwar albasa daga Agbogbloshie a 2021. Bayan ta wuce Tamale, aksil ɗin baya ya karye. Kafin a samo wani a Suame Magazine ta Kumasi a ɗaura, kwana huɗu sun shige. Albasa ba ta jira. Na ga dattijo yana ware ruɓaɓɓiya da hannunsa, bai ce uffan ba. Da na duba takarda, sai na ga an ƙara buhu hamsin kan abin da direba ya yarda da shi tun farko. In buhu kilo 100 ne, tan biyar ke nan.

Mai motar ya ce ai ya ƙara mata sifirin. Nan kuskuren yake. Ƙarin sifirin yana hana mota durƙusawa ne kawai, sai ido ya ga kamar tana da ƙarfi. Amma aksil yana nan yadda kamfani ya ƙera shi. Haka boris, haka farfela da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, haka birki. Sifirin mai tauri ma ba ya shanye bugun rami, sai ya miƙa shi ga aksil da jikin mota. Ƙarfe kuwa ba ya karyewa ranar da aka zalunce shi. Tsagewa yake yi kaɗan-kaɗan daga ciki, sai ranar da ya ga dama, galibi inda babu gari kusa.

Hanya ma tana shan nata. A gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, an gano cewa in nauyin aksil ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa titi takan ninka kusan sau 16. Ramin da muke zagin gwamnati a kansa, da hannunmu a ciki. Shi ya sa dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005, wadda ta shafi Nijar da Burkina da Togo, ta tsayar da tan 6 ga aksil na gaba, da tan 51 ga tirela mai aksil shida. A nan gida ma Ghana Highway Authority na da sikeli a manyan hanyoyi.

Roƙona uku ne. Na farko, in direba ya ce mota ta cika, mu yarda; kada mu ce za mu kai kayan ga wani. Na biyu, a rubuta yawan buhuna na gaskiya a takardar ƙungiya, domin ranar rigima da ita za a yi hukunci. Na uku, masu motoci, in za ku sayi aksil ko sifirin na hannu a Abossey Okai, ku tafi da makanike ya duba, kuma kada a yi wa karyayyen aksil walda a mayar da shi hanya.

Iyayena, kwaɗayi mabuɗin wahala. Gara buhu hamsin su jira mota ta gaba da a rasa duka. Direba da yaron mota ma suna da iyali da ke jiransu.

Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a kasuwa, Ya maimaita mana. Wassalamu alaikum.