Tekun da Ya Taɓa Kwanciya a Goronyo



Duk wanda ya ratsa Goronyo a tsakiyar bazara, rana na dukan kansa, da wuya ya yarda cewa teku ya taɓa kwanciya a wurin. Amma duwatsun ƙasar sun tabbatar da haka. Kimanin shekaru miliyan 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso inda Sahara take a yau, ya malale ƙasar Sakkwato da kudancin Nijar. Farar ƙasar Kalambaina, wadda ake ƙona ta a yi siminti, ragowar halittun ruwa ce da suka taru a ƙasan teku bayan wancan zamani.

A cikin wannan ruwa an yi wata dabba mai dogon baki da kaifin haƙora, dangin ƙadangare, mai farautar kifi. A 1930 wani Bature mai suna Swinton ya fara bayanin ƙasusuwanta. Daga baya masana daga Jami'ar Fulorens ta Italiya, ƙarƙashin Farfesa Azzaroli, suka tono ƙarin ƙasusuwa, kuma a 1972 suka raɗa mata suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Sunan namu ne, amma ƙasusuwan da suka tono suna can ajiye a gidan adana duwatsu da burbushin halittu na jami'arsu.

Ban kawo wannan don zargin kowa ba. Sun riƙe amana: kowane ƙashi da lambarsa, da takardar da ta faɗi inda aka tono shi da shimfiɗar dutsen da ya fito daga ciki. Wannan takarda ita ce ran aikin. Ƙashin da babu ita, kayan ado ne kawai. Saboda ita ne wani masani zai dawo bayan shekara 50, ya sake aunawa, ya gyara kuskuren na gabansa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna ana iya adana irin waɗannan ƙasusuwa a gida: ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Gadufawa suna gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, yara 'yan makaranta na kallo.

Roƙona ga jami'o'inmu ƙarami ne. A ware ɗaki guda, da kabad mai makulli, da littafin rajista, da ma'aikaci ɗaya mai kishin aikin. A ajiye kuzar Jos kusa da farar ƙasar Kalambaina. A gaya wa masu haƙar rijiya da masu fasa dutse cewa katantanwar da suke tsinta a cikin dutse tana da inda za a kai ta. Gani ya kori ji; ɗalibin da ya riƙe haƙorin kifin teku da aka tono a ƙauyensu ba zai ƙara yi wa dutse kallon banza ba.